Unity Da Labarin Gobir: Kafin A Mayar Da Sabon Birni Filin Harbi A Waya



Maganganu biyu ne suke tasowa a tsakaninmu duk sa'ad da aka ambaci wasannin gem, kuma wannan makon da duka biyun muka zo faɗa. Ta farko ita ce ta masu yatsine fuska su ce gem shirmen yara ne, marubucin da ya san darajar alƙalaminsa ba ya kusantar wurin. Ta biyu ta samarinmu ce masu zafin nama, waɗanda suka ji labarin wata manhaja mai suna Unity, suka kalli bidiyo biyu uku a YouTube, shi ke nan sai mafarkin haɗa "gem ɗin 'yan bindiga": taswirar Sabon Birni da Isa, daji, babura, ɗan wasa riƙe da bindiga yana harbi yana tara maki.

Matsayarmu ita ce, gem wuri ne na ba da labari, kuma labari sana'armu ce. Idan masu maganar farko suka yi nasara muka ja da baya, masu magana ta biyu ne za su cika filin, ko kuma wani baƙo da bai taɓa taka ƙasar Gobir ba. Abin da za su fitar kuwa mun riga mun san shi: jinin mutanenmu a matsayin abin debe kewa.

MENE NE UNITY?

Mu fara da sanin abin da muke gardama a kansa. Unity inji ne na ƙera wasanni, wato babbar manhajar da ake gina gem a cikinta. Wasu samari uku ne suka fara shi a babban birnin ƙasar Denmak, David Helgason da Joachim Ante da Nicholas Francis, suka fito da shi a 2005. Kafin irin waɗannan injuna su yawaita, duk mai son yin gem sai ya fara koya wa kwamfuta yadda abu yake faɗowa ƙasa idan an sake shi, yadda haske yake jefa inuwa, yadda murya take raguwa idan an yi nisa, yadda mutum zai tsaya idan ya ci karo da bango maimakon ya ratsa ta ciki. Wannan kaɗai aikin shekaru ne. Inji yana zuwa da duk wannan a shirye. Kai dai sai ka shimfiɗa fili, ka dasa gidaje da itatuwa da mutane, sannan ka rubuta musu umarni da wani harshen kwamfuta da ake kira C#: idan an taɓa nan, kaza ya faru.

Abin da ya ɗaukaka Unity shi ne, sau ɗaya za ka gina gem ɗinka, sannan ka fitar da shi a wayar Android, da iPhone, da kwamfuta, da na'urori irin su PlayStation. Kuma kyauta ne ga wanda abin da yake samu bai kai dala 200,000 a shekara ba. Wasannin da ƙannenmu suke ƙarar da cajin waya a kansu da yawa a cikinsa aka gina su: Subway Surfers, Free Fire, Call of Duty: Mobile, Among Us, Pokémon Go. Ko a nan gida, kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 yana aiki da shi.

To ku lura da abin da bai zo da shi ba. Inji ya san yadda kibiya take tafiya a iska. Bai san wa ya harba ta ba, bai san dalili ba, bai san wa aka bari da kuka ba. Masaƙa ce kawai. Duk zaren da aka ɗora mata shi za ta saƙa, kuma zaren nan a hannun marubuci yake.

GA MASU CEWA SHIRME NE

Wannan raini ba sabo ba ne a tarihin adabinmu. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, malamai da dama suna ganin ƙagaggen labari aikin tatsuniya ne na mata da yara, bai dace da mai ilimi ba. Da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano a shekarun 1980, aka laƙaba musu "adabin kasuwa" don a wulaƙanta su, amma su ne suka koya wa dubban mata karatun boko a cikin ɗakunansu. Turmin Danya ya fito a 1990, aka ce wasan yara ne da kyamara. Yau masana'anta ce da take ciyar da gidaje ba adadi. Yawancinmu a wannan zaure a WhatsApp da Facebook muka fara rubutu, kuma har gobe akwai masu cewa wannan ba rubutu ba ne. Bai dace mu da aka raina jiya mu zama masu raini yau ba.

Mun yarda da dattawanmu a kan abu ɗaya: gem yana cin lokaci. Yana hana yaro bitar karatu, yana sa a jinkirta salla, wasu wasannin ma da caca a lulluɓe cikinsu. Gaskiya ne. Sai dai ƙauracewarmu ba ta rage ko minti ɗaya daga lokacin da yaron yake ɓatawa. Wayar tana hannunsa, da mu da ba mu. Abin da ƙauracewar take yi kawai shi ne tabbatar da cewa duk abin da zai gani a ciki wani ne ya rubuta.

Kuma wani ɗin ya riga ya fara. A watan Agustan 2021, wasan Age of Empires III na kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake iya zaɓa a yi wasa da su, da Kano a matsayin babban birni, da dawaki masu lifidi, da Sarauniya Amina. A Fabrairun 2025 wasan Civilization VII ya fito da Amina ta Zazzau cikin jerin shugabannin duniya. Ba da Unity aka gina waɗannan ba, kuma ba mu ce sun yi mugun aiki ba. Abin da muke nunawa shi ne, akwai matasa a Jamus da Barazil da Koriya waɗanda a gem suka fara jin kalmar "Hausa", kuma abin da kamfanonin waje suka ga dama shi suka nuna musu. Mu da muke da labarin muna can muna gardamar ko wajen ya kai matsayinmu.

GA MASU SON GEM ƊIN 'YAN BINDIGA

Ku kuma 'yan uwa, muna yaba himmarku, amma ku tsaya mu tuna wa juna inda kuke son mayarwa filin wasa.

A watan Mayun 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a harin rana ɗaya. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya a kusa da Gidan Bawa aka banka mata wuta da mutane a ciki. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, a watan Agusta aka kashe shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi. Akwai ƙauyukan da manomi ba ya shiga gonarsa sai an biya haraji ga wanda ya kashe ɗan uwansa. Marayun nan suna raye, wasunsu suna cikin masu karanta wannan rubutu.

Za ku ce ai jarumin gem ɗin 'yan bindigar yake kashewa, ramuwa ce. A nan ne ya kamata marubuci ya fahimci bambancin littafi da gem. A littafi kana iya kwatanta kisa ka sa mai karatu ya ji ƙyamarsa har cikin ransa. A gem kuwa ƙa'idar wasa ita ce take magana, ta fi duk kalmomin da za ka rubuta ƙarfi. Abin da aka ba wa maki shi aka yaba. Free Fire yana zuba mutum 50 a tsibiri, wanda ya rage da rai shi ne gwani, saboda haka duk wanda ka hanga abin harbi ne. Ɗauki wannan ƙa'ida ka ɗora a kan taswirar Isa, ko da wace irin addu'a ka buɗe wasan, darasin da yaro zai kwana da shi ɗaya ne: bindiga ce maganin komai, kuma riƙe ta akwai daɗi. Wannan darasin ne ya kai mu inda muke.

Ga wata tambayar da ba ku yi wa kanku ba. Gem ɗin harbi yana buƙatar abokin gaba da za a gane da kallo ɗaya, daga nesa, a ƙaramin gilashin waya. Wace kama za ku ba shi? Wace hula, wane rawani, wane irin harshe? Mun san amsar da hannu zai fi saurin zanawa. Ranar da kuka sa wa abin harbi suturar wata ƙabila, kun ƙera na'urar koya wa yara ɗan shekara goma cewa duk mai wannan kama jininsa ya halatta, alhali makiyaya da yawa su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'ya'ya. Yankinmu ya ga abin da kisan kan-mai-uwa-da-wabi ya jawo. Ba ma buƙatar sa a aljihun kowane yaro.

Kada a fahimce mu da cewa a rufe baki kan bala'in. Akwai hanyar da wasu suka bi. A 2014 wani kamfani a ƙasar Folan mai suna 11 bit studios ya fitar da This War of Mine, wanda ya samo tushe daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. A cikinsa kai ba soja ba ne. Farar hula ne a rusasshen gida, kana neman abinci da magani da itacen hura wuta. Kana iya satar abincin wasu tsofaffi ka rayu, amma mutanenka za su shiga ƙunci saboda abin da suka aikata, har wani ya kasa tashi daga shimfiɗa. A 2020 gwamnatin ƙasar ta sanar da sa shi cikin jerin abubuwan da ake ba ɗaliban sakandare shawarar nazarta, kamar littafi. A shekarar 2014 ɗin dai aka fitar da Never Alone, wanda aka gina da Unity. Mutanen Inupiyat na yankin ƙanƙara a Alaska ne suka sa dattawansu da masu ba da labarinsu suka zauna da masu fasaha, aka ɗauko tatsuniyarsu, mai ba da labarin yana magana da harshensu. Gaba ɗayansu ba su kai yawan mutanen ƙaramar hukumar Sabon Birni ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba fiye da mutum 200,000. Mene ne uzurinmu?

ABIN DA GOBIR TAKE DA SHI

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya binne tukunyar zuma. Ƙasar da duniya ta sani yau da sunan Bello Turji tana da tarihin da marubucin gem zai shekara goma bai ƙare shi ba.

Kufan Alƙalawa yana nan a cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, birnin da Sarki Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18 bayan ya ci Zamfara. Akwai taron Magami wajen 1788, inda Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Akwai zamanin Nafata da Yunfa, da hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Labarin bai tsaya nan ba, duk da cewa littattafan makaranta a nan suke tsayawa. Gobirawa sun ci gaba da gwagwarmaya har Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi, gida ɗaya ya rabu biyu, Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Najeriya. Har yau sarautar Sarkin Gobir tana nan a Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa, kowace da labarin yadda ta same ta.

Ga sarautar Inna, macen da take da faɗa a ji a fadar Gobir. Ga tsagen Gobirawa da wasan barkwancinsu da Yarabawa. Ga Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau jami'o'i suke nazarin Bakandamiyarsa. Ga fadamun Gulbin Rima da Bunsuru, da fataken da suke ratsa su da jakuna. Ku shiga kasuwar kayan Unity, inda ake sayar da gidaje da mutane da aka riga aka zana, ku ga abin da ya cika ta: fadojin Turai, sojoji, dodanni, motocin yaƙi. Rumbu da soro da kotso da lifidi sai wanda ya san su ya kwatanta wa mai zane, kuma kwatance aikinmu ne.

Sharaɗi ɗaya muke gindayawa. Shehu da Bawa da Yunfa da Muhammadu Bello ba 'yar tsana ba ne da za a miƙa wa yaro ya juya da yatsa. Jikokin ɓangarorin biyu suna zaune unguwa ɗaya, sun yi auratayya, suna salla sahu ɗaya. Gem ɗin da zai ce "zaɓi ɓangare ka murƙushe ɗayan" tsohon gyambo zai fama. Ku bar manya a matsayin labarin da ake jiyowa daga bayan ganuwa, ku ba ɗan wasa talaka.

Ga misali. Shekarar 1808, ƙawanya ta matse Alƙalawa. Ke mace ce mai 'ya'ya uku da rumbu da ya kusa ƙarewa, mijinki yana bakin ganuwa. Cikin dare maƙwabcinki ya ƙwanƙwasa. An san ɗansa ya bi Jama'a, dogarai suna nemansa, shi kuma shi ne ya ranta miki gero a shekarar fari. Za ki ɓoye shi, ko za ki rufe ƙofa? Idan kin ɓoye shi, hatsin kwana goma ya koma na bakwai, kuma ƙaramar 'yarki ba ta iya riƙe sirri. Idan kin rufe ƙofa kin tsira yau, amma ranar da birni ya faɗi, wa zai tsaya miki? Babu harsashi ko ɗaya a nan, amma duk wanda ya kai wannan mataki sai ya ajiye waya ya yi tunani. Wannan tunanin shi ne abin da adabi yake nema tun asali.

Sai dai rubutun gem yana da nasa horo, kada mu ɗauka littafi ne da aka yanka gunduwa-gunduwa. A littafi hanya ɗaya ce, kai ka zaɓa wa tauraro. A gem mai wasa ne yake zaɓa, kai kuma dole ka rubuta sakamakon kowane zaɓi. Yi lissafi: mararraba 3 masu hanya bibbiyu suna haifar da ƙarshe 8. Mararraba 10 suna haifar da 1,024. Ba mai iya rubuta wannan. Saboda haka gwanintar ita ce iya mayar da rassa su haɗe, kamar yadda hanyoyin ƙauye suke rabuwa su sake haɗuwa a bakin kasuwa, amma wasan ya riƙa tuna abin da ka aikata. Sai ka ajiye 'yan ma'aunai a gefe, kamar yawan hatsi, da lafiyar yara, da amanar maƙwabta, kowane zaɓi ya ɗaga ɗaya ya sauke wani. A ƙarshe kowa zai iso ƙofar birni ɗaya, amma wadda ta rufe wa maƙwabci ƙofa ita kaɗai za ta iso. Sannan magana ta zama gajera. Shafi uku na kwatanta kyawun budurwa da muka saba ba shi da wuri a gilashin waya.

"INA WUTA, INA KWAMFUTA, INA SABIS?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mana, kuma ba ma raina ta. Unity yana son kwamfuta mai ƙarfi, saukar da shi kaɗai yana lashe data mai yawa. Wutar lantarki a yankinmu sai labari. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar a bakin iyaka. Wanda yake kwana da takalmi a ƙafa saboda tsoron hari, ba C# ne a gabansa ba.

Amsarmu ita ce, ba mu ce kowane marubuci ya zama mai rubuta umarnin kwamfuta ba. Marubucin fim ba shi ne yake riƙe kyamara ba. Kashin bayan gem, wato mutanensa da mararrabarsa da ƙa'idojinsa, a littafin rubutu mai shafi 60 ake fara shi, da biro da kibiyoyi daga wannan akwati zuwa wancan. Bayan haka akwai kayan aiki marasa nauyi kuma kyauta. Twine, wanda Chris Klimas ya fitar a 2009, yana ba ka damar haɗa labari mai rassa ba tare da ka iya harshen kwamfuta ba. Ink, na kamfanin inkle da ke Ingila, rubutu ne zalla da 'yan alamomi, kuma yana shiga cikin Unity kai tsaye. Da shi aka rubuta wasan 80 Days na 2014, wanda marubuciya Meg Jayanth ta yi wa rubutun da ya kai kalmomi dubu ɗaruruwa, ya ninka littattafanmu masu kashi ɗaya zuwa huɗu. Akwai kuma injin Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki ga duniya a 2014. Kyauta ne baki ɗaya, bai kai Unity nauyi ba, kuma yana da nau'in da yake aiki a wayar Android. Masu karatun kwamfuta kuwa suna nan a kwalejojin fasaha da jami'o'inmu na Sakkwato da Ƙauran Namoda da Katsina, da yawansu sun iya inji amma ba su da labarin da za su zuba masa. Su suke nemanmu, ko da ba su sani ba.

ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Kada kuma wani ya ɗauka tallar Unity muke yi. Kamfani ne, riba yake nema. Ranar 12 ga Satumbar 2023 ya wayi gari ya sanar da cewa daga farkon 2024, duk gem ɗin da ya haura wani mizani na kuɗin shiga da yawan saukewa zai riƙa biyan har santi 20 na dala a kan kowace saukewa, har da wasannin da aka riga aka fitar a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya. Masu ƙera wasanni a duniya suka yi ca, wasu suka kwashe kayansu suka koma Godot. Cikin kwana goma kamfanin ya sassauta, a watan Oktoba shugabansa John Riccitiello ya sauka, a Satumbar 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya. An janye, amma darasin ya zauna: wanda ya yi gini a filin aro, da izinin mai fili yake kwana.

Mu marubuta mun san wannan ciwon. A ƙarshen 2023 dandalin OkadaBooks ya rufe, marubutan da suka jingina da shi suka koma neman mafaka. Don haka muke cewa ku riƙe labarinku a wajen inji, cikin rubutu zalla da za a iya ɗauka a kai ko'ina. Inji ya canja ƙa'ida, ku canja inji, labarin yana nan. Idan za ku yi aiki da mai fasaha, a rubuta yarjejeniya tun kafin a fara: sunan marubuci ya fito, kasonsa ya bayyana, haƙƙin labarin ya zauna a hannunsa. Mun ga yadda marubutan fim da dama suka sayar da labari a kuɗin cefane, aka ci riba da shi shekaru, ko sunansu ba a tuna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ku dage a kan ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffan da ake samu a shirye ba su da su, sai ka ga akwati a inda harafi ya kamata ya fito, mai fasaha kuma ya ce a bar su kawai. Kada ku yarda. Gem ɗin da bai bambanta "ƙasa" da "kasa" ba bai cancanci a kira shi na Hausa ba.

AIKIN WANNAN MAKO

Ba ma son wannan ya ƙare a "Masha Allah, alƙalami ya fi takobi" a ƙasan rubutu. Ga aiki. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya talaka daga ƙasar Gobir, ko daga tasa ƙasar idan ba Bagobiri ba ne: maƙeri a Alƙalawa, ko bafatake tsakanin Isa da Tsibiri, ko yarinya mai tallar fura a kasuwar Sabon Birni ta yau, ranar da aka ce hanya ba lafiya. A ba shi dare ɗaya da mararraba biyu. Kowace hanya ta kasance da abin da za a samu da abin da za a rasa, kada a yi wadda kowa ya san ita ce daidai. Kada ɗan wasa ya riƙe bindiga, kada a sa sunan wani mai rai ko wanda aka kashe a wannan fitina. Shafi ɗaya ya isa. A ajiye shi nan ƙasa kafin Juma'a, mu karanta wa juna, mu yi gyara ba sani ba sabo. Waɗanda suka fi tsayuwa za mu haɗu mu zuba su a Twine, kowa ya buga a wayarsa.

Masu ganin mun yi kuskure kuma fili naku ne, ku zo da hujja.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da ƙasar Gobir da arewa baki ɗaya lafiya. Amin.